ASALIN SARAUTA: ƘISSAR ƊALUTA DA TUTAR MALAM MUSA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda bai gaji mulkinSa a wurin kowa ba, ba kuwa mai gadonSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Kowane ɗayanmu ya buɗe ido ne ya tarar da mai unguwa, sama da shi dagaci, sama da dagaci hakimi, sama da hakimi Sarkin Zazzau a birnin Zariya. Saboda sabo, sai yaro ya ɗauka tare da rawani aka halicci duniya. To, sarauta aba ce mai mafari. Akwai lokacin da babu ita, akwai ranar da aka fara ta, akwai kuma dalilin farawar. Allah (S.W.T.) Ya ba mu labarin ranar da Bani Isra'ila suka fara neman sarki a cikin Suratul Baƙara, daga aya ta 246 zuwa ta 251. Yahudu da Kirista su ma suna da labarin a littattafan da ke hannunsu. A ranar nan an yi gardama a kan abu guda: da wane mudu ake auna shugaba? Wannan gardama kuwa har yau ba ta mutu ba, tana nan a bakin kasuwanninmu da majalisun shayinmu.

Kafin wani ya ce, "Malam, ina ruwanmu da littafin Ahlul Kitabi?" bari in share wannan. Annabi (S.A.W.) ya yi izini a ba da labari daga Bani Isra'ila, ya kuma hana mu gaskata su kai tsaye ko mu ƙaryata su kai tsaye. Don haka malamai irin su Ibnu Kasir suka raba labaransu gida uku: wanda Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, mun karɓa, wanda suka ƙaryata, mun bari, wanda suka yi shiru a kansa, ana iya faɗinsa don izina, amma ba a gina hukunci a kai. Da wannan ma'auni za mu tafi.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabawa ne suke jan ragamar Bani Isra'ila, in wani ya rasu wani ya biyo bayansa. Littafin Mahukunta, wanda ke cikin Tsohon Alkawari, ya ƙara mana bayani. Bayan Annabi Musa da Yusha'u ɗan Nun (A.S.), kabilu 12 ne zaune a ƙasar Kan'ana, ba fada, ba dogari, ba harajin sarki. In abokan gaba suka taso, sai wani jarumi ya miƙe ya tara jama'a, in an ƙare yaƙi kowa ya koma gonarsa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Gidiyon, da ya ci nasara a kan Madayanawa sai jama'a suka ce ya zama sarki, ɗansa ya gaje shi, jikansa ya gaji ɗansa. Ya ƙi. Ya ce musu Ubangiji ne mai mulkinsu.

Amma fa abin da uba ya ƙi, ɗa ya nema da takobi. Ɗansa Abimelek ya tafi wurin dangin uwarsa a garin Shekem, suka ba shi azurfa 70, ya yi hayar zauna-gari-banza da ita. Ku lura da kyau, samari: farkon abin da mai kwaɗayin mulki ya saya da kuɗinsa, matasa ne marasa aikin yi. Da su ya je ya yanka 'yan'uwansa, su wajen 70, a kan dutse guda. Ƙaraminsu, Yotam, shi kaɗai ya tsira. Ya hau dutse ya buga wa mutanen gari misali, ya ce wai itatuwa ne suka fita neman sarki. Suka je wa zaitun, ya ce ba zai bar mansa ba. Suka je wa ɓaure, ya ce ba zai bar zaƙinsa ba. Inabi ma ya ƙi. Da suka je wa ƙaya, nan take ta amsa, ta ce kowa ya zo ya shiga inuwarta, wanda ya ƙi kuwa wuta ta cinye shi. Jama'a, ƙaya tana da inuwa? Manomin rake da ya san daɗin gonarsa ba shi ne ke kwana a ƙofar masu naɗi ba. Shekara 3 kacal Abimelek ya yi, wata mace ta sako masa dutsen niƙa a ka daga saman hasumiya.

Sai zamanin Annabin da malaman tafsiri da yawa suke kira Shamwilu. A Baibul na Hausa Sama'ila ake rubuta sunansa, kada ku ruɗa shi da Annabi Isma'ila ɗan Annabi Ibrahim. Wannan kuwa wajen shekara 1,000 ne da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Littafinsu ya ce da ya tsufa, 'ya'yansa biyu da ya sa alƙalanci a Biyasheba suka shiga cin hanci, ga kuma Filistiyawa, mutanen bakin teku masu makaman ƙarfe, sun matsa musu lamba. Sai dattawa suka same shi a garin Rama suka ce ya naɗa musu sarki kamar yadda sauran al'ummai suke da shi. Abin ya ɓata masa rai. Ya zayyana musu abin da sarki zai yi: zai ɗebi 'ya'yanku maza su yi gudu a gaban karusansa, su nome masa gona, su ƙera masa makamai, zai ɗebi 'ya'yanku mata su yi masa girki da toye-toye da haɗa turare, zai karɓe gonakinku masu kyau ya ba fadawansa, zai ɗauki kashi ɗaya cikin goma na hatsinku da tumakinku, a ƙarshe ku da kanku ku zama bayinsa, ku yi kuka a rasa mai jin ku. Duk da haka suka ce sun ji sun gani.

Dattijon da ya ga zamanin En'e a ƙasar nan, in ka karanta masa wannan jerin, ba zai tambaye ka fassara ba. Ya san aikin gayya a gandun sarki, ya san aikin tilas na hanya, ya san ranar da mai karɓar haraji ya shigo gari maza suka kwana a dawa.

Yanzu ga abin da Alƙur'ani ya tabbatar, wanda babu kokwanto a cikinsa. Manyan Bani Isra'ila ne suka roƙi Annabinsu ya tsayar musu da sarki don su yi yaƙi saboda Allah, domin an fitar da su daga gidajensu, an raba su da 'ya'yansu. Annabin ya ja musu kunne cewa tana yiwuwa in an wajabta yaƙin su noƙe. Suka ce sam. Aka wajabta, suka juya baya sai kaɗan. Da aka ce musu Ɗaluta ne Allah Ya zaɓa, sai gardama ta tashi. Hujjarsu biyu ce: mu muka fi shi cancanta, kuma ba shi da kuɗi. Malaman tafsiri sun yi bayanin ta farkon, suka ce a wurinsu Annabci na zuriyar Lawi ne, mulki na zuriyar Yahuza, shi kuwa Ɗaluta daga zuriyar Binyaminu yake. Wasu suka ce ɗan garuwa ne, wasu suka ce majemi ne. Littafinsu, inda ake kiransa Saul ɗan Kish, cewa ya yi jakunan babansa ne suka ɓata ya fita cigiya, a can ya gamu da Annabin.

Ka ji fa. Ɗan wane ne? Me yake da shi? Tambaya biyu ke nan, kuma Allah bai amsa ko ɗaya daga ciki da irinta ba. Ba a ce ai shi ma kakansa wane ba, ba a ce za a ba shi dukiya ba. Amsar da ta zo ita ce Allah ne Ya zaɓe shi, Ya kuma ba shi yalwa a ilmi da jiki. Ilmi aka fara ambata, sannan jiki. Ilmin sanin abin da aka ɗora masa, da ƙarfin ɗaukarsa. Irin wannan mudu ne a Suratul Ƙasas, inda 'yar dattijon Madyana ta yabi Annabi Musa da ƙarfi da amana, shi ne kuma a Suratu Yusuf inda Annabi Yusufu ya siffanta kansa da tsarewa da sani.

Sannan aka ba su alama, watau dawowar akwatin nan mai natsuwa da sauran kayan gidan Musa da Haruna. Sannan jarrabawar kogi: wanda ya sha ba ya cikin runduna, sai fa wanda ya kamfata sau ɗaya da hannunsa. Suka afka wa ruwa sai 'yan kaɗan. Sahabi Bara'u ɗan Azibu (R.A.) ya ce su a tsakaninsu suna faɗin cewa yawan mutanen Badar daidai yake da yawan waɗanda suka haye kogi tare da Ɗaluta, 310 da 'yan kai. A cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin akwai wani saurayi, Dawuda. Shi ya kashe Jaluta, Allah kuwa Ya haɗa masa mulki da hikima.

Akwai wuraren da riwayoyin biyu suka rabu. Littafinsu ya ajiye jarrabawar shan ruwa a labarin Gidiyon da mutanensa 300, ya kuma ƙare labarin Saul da mummunan ƙarshe a dutsen Gilbowa. Alƙur'ani bai ambaci Ɗaluta da sharri ba, mu ma ba za mu ambace shi da shi ba. Haka abubuwan da suka jingina wa Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu na saɓo, ba mu karɓa ba. Su kansu masanan Turai sun lura cewa murya biyu ce a cikin Littafin Sama'ila na Ɗaya, ɗaya tana ganin sarki ceto ne daga Allah, ɗaya tana ganin neman sarki butulci ne. Wani Bajamushe, Wellhausen, ya yi dogon rubutu a kan haka tun 1878. Mu wannan bai ɗaure mana kai ba. Alƙur'ani ya lissafa mulki cikin ni'imomin da aka yi wa Bani Isra'ila a Suratul Ma'ida, ya kuma kawo maganar sarauniyar Saba a Suratun Namli kan yadda sarakuna ke ɓata gari su wulaƙanta manyansa. Wuƙa ce, tana fiɗar ragon layya, tana kuma kashe mutum.

Wani wuri guda a Attaurar da ke hannunsu ya cancanci ku sani, cikin littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 17. An gindaya wa sarki sharuɗɗa: kada ya tara dawaki, kada ya tara mata, kada ya tara zinariya da azurfa, ya kwafi littafin shari'a ya riƙa karantawa muddin ransa, kada ya ɗaga kai bisa 'yan'uwansa. Ku riƙe dawaki da mata da dukiyar nan, za mu sake gamuwa da su a Kano. Bayan rasuwar Annabi Sulaimanu, wajen shekara ta 930 kafin Annabi Isa, jama'a suka roƙi ɗansa Rehobowam ya sassauta musu haraji da aikin tilas. Dattawa suka ce ya sassauta. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya ƙara tsanantawa. Ya bi shawarar abokai, kabilu 10 suka ɓalle, ƙasa ta tsage biyu. Samari ne suka ba da wannan shawara, ku ji da kyau.

A wannan al'umma tamu ma, Annabi (S.A.W.) ya ba da labari, a hadisin Safina da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa halifanci shekara 30 zai yi sannan mulki ya biyo. Haka kuwa aka yi. Abubakar bai naɗa ɗansa ba, Umaru bai naɗa ɗansa ba, gadon mulki daga uba zuwa ɗa sai a shekara ta 60 bayan Hijira ya fara.

To, mu dawo gida. A ƙasar Hausa sarauta ta riga Musulunci kafuwa a fada. Tarihin Kano ya fara lissafin sarakuna da Bagauda a 999, mutanen Zazzau kuwa suna farawa da Gunguma, su biyo ta Turunku da Bakwa har a zauna Zariya. Da Musulunci ya shigo, malamai suka yi ta ƙoƙarin sa wa sarauta linzami. Shehu Magili ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa littafi sukutum a kan abin da ya wajaba ga sarki. Amma linzamin yakan kwance. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya jera halayen sarakunan zamaninsa, kuma abu na farko-farko da ya soka shi ne cin sarauta ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba. Sannan ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, da gaisuwar da talaka ke kai wa mai mulki kafin a saurare shi, da kamuwar dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da cinye dukiyar baƙon da ya mutu a gari, da afi, watau zuba ƙasa a ka don gaida sarki. Ɗora wannan jeri kusa da gargaɗin Shamwilu. Tsakaninsu shekara kusan 2,800 ne, amma kamar hannu guda ya rubuta.

A Gudu, cikin 1804, jama'ar da aka kora daga Ɗegel suka yi wa Shehu mubaya'a. Su ma an fitar da su daga gidajensu, su ma suka nemi shugaba don su kare kansu. Shehu kuwa ba ɗan sarki ba ne, ba attajiri ba ne. Tutocin da ya rarraba, malamai ya ba. Tutar Zazzau ta zo hannun Malam Musa, almajirinsa, wanda ya shiga Zariya a ƙarshen 1808 bisa lissafin da masana suka fi ƙarfafawa, ko da yake wasu suna cewa 1804. Sarki Makau ya yi kudu, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja.

Ga abin lura. Da Malam Musa ya rasu a 1821, ba ɗansa aka naɗa ba, Yamusa aka naɗa, abokin jihadinsa. Da Yamusa ya rasu a 1834, Abdulkarimu aka naɗa, shi ma ba ɗan ɗayansu ba. Sai daga 1846 'ya'ya suka fara hawa. Da tafiya ta yi tafiya, sunayen mutanen da aka zaɓa don ilminsu da jihadinsu suka zama sunayen gidaje: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Mudun Ɗaluta ya koma mudun "ɗan wane ne?"

Wannan bai ɓoyu ga su Shehu ba. Tun ana tsakiyar yaƙi Malam Abdullahi na Gwandu ya ga alamun, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Kanawa suka tsayar da shi, a nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don koya wa masu mulki iyakarsu. Kukansa kuwa a kan me? Mutanen da suka mai da himmarsu ga neman muƙami da tara dawaki da ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma. Ga dawakin nan da matan nan da dukiyar nan sun dawo. Ba a cika shekara 90 da jihadi ba sai ga basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, jikokin Ibrahim Dabo suna kashe juna a kan gado, Tukur a gefe, Yusufawa a gefe. Waɗanda suka fi mutuwa kuwa ba masu rawani ba ne.

Daga nan sai Turawa suka karɓe naɗi da tuɓewa. Sun tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau suka kai shi Lakwaja, daga baya suka yi wa Alu ɗan Sidi haka. Zamanin Gowon aka raba sarakuna da kotu da 'yan doka da gidan yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke abin da ya rage. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, hakimai 313 suka wayi gari ba ƙasa. Da Sarki Shehu Idris ya rasu a 2020 bayan shekara 45 a gado, Allah Ya jiƙansa, gwamna ne ya sa hannu aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa.

Me wannan yake nufi gare ku? Ikon nan da Shamwilu ya tsoratar a kansa, na ɗibar dukiya da rabon gona da aika 'ya'yan mutane, ya tashi daga fada ya koma hannun kansila da ciyaman da ɗan majalisa da gwamna. Masu naɗa waɗannan kuwa, a bisa doka, ku ne, duk wanda ya kai shekara 18 ya yanki kati. Kujerar da manyan Bani Isra'ila suka zauna suka yi gardama, yau kai ne a kanta, kai mai tura baron rake, kai ɗan acaɓa, kai mai ɗaurin kwandon tumatur. Da wane mudu kake awo? In an kawo ɗan takara, tambayar da nake ji a bakin samari ita ce, "Ɗan gidan wa ne?" da "Yana sakin hannu?" Wallahi su ne tambayoyin nan biyu, ko wasali ba a canza ba. Ban cika jin mai tambayar ko ya san aikin ba, ko da aka ba shi ajiyar kuɗin masallaci ko na ƙungiyar manoma sun dawo cif, ko yana da ƙarfin halin da zai ce wa ubangidansa a'a.

Kogin ma yana nan. Duk shekara huɗu yake kawo ruwa: taliya, sabulu, atamfa, 'yan dubu a ambulan. Ana shan sa har ciki ya kumbura, sannan a ce za a haye a yaƙi zalunci. Wanda ya cika cikinsa a bakin kogi, shi ne ya fara cewa yau ba mu da ƙarfin Jaluta. Mafi muni shi ne wanda ya zama irin hayar Abimelek, aka saya masa ƙwaya aka ba shi gora da adda ya bi bayan mota. Ilmi da jiki Allah Ya yaba a wurin Ɗaluta, ƙwaya kuwa su biyun take fara ci.

Kada wani ya ɗauki maganata ya je ya yi wa dagacinsa ko hakiminsa tsageranci, ya ce Malam ne ya ce. Ban ce ba. Biyayya ga shugaba a cikin abin da ba saɓon Allah ba wajibi ce, gyara kuwa da nasiha ake yin sa da ladabi. Shugaba adali shi ne na farko cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi. Sau nawa mai unguwa ya kashe rigimar iyakar gona, ko ta manomi da makiyayi, wadda da ta je kotu da sai an sayar da gonar? Wanda ya gaji rawani ya riƙe shi da ilmi da adalci, gadon bai rage shi da kome ba, Annabi Sulaimanu ma ya gaji Annabi Dawuda. Abin da muke ƙi shi ne a ce gadon kaɗai ya isa.

Kai kuma da zuciyarka take raya maka kujera, ko ta shugaban matasa ce ko ta ƙungiyar 'yan kasuwa, ka tuna Annabi (S.A.W.) ya hana Abdurrahmani ɗan Samura roƙon shugabanci, ya ce wanda ya roƙa za a bar shi da shi, wanda aka ba ba da roƙo ba za a taimake shi. Abu Zarri ya nema, ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne, kuma kunya ne da nadama ranar Ƙiyama sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke nauyin da ke ciki. Abu Zarri fa, wanda ya fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya haɗa su da mashawarta na gari, Ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.